Ba Wuƙar Likita Ke Kai Dajin Hanta Kaluluwa Ba

Har gobe ana faɗa a majalisa da WhatsApp cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da likita ya taɓa hanta da allura ko wuƙa sai ciwon ya harzuƙa ya bazu. Hujjar kullum ɗaya ce: wane ya je asibiti da ƙafarsa, aka dawo ana cewa abin ya kai kaluluwa. Ba mai tambayar tun yaushe ciwon ya kama hanya.

Ba jini kaɗai ke ratsa hanta ba. Akwai wani ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga cikinta, yana bin siraran jijiyoyinsa na daban, kuma kaluluwa na jere a hanyarsa kamar shingayen bincike a kan titi, suna tare duk wani baƙo. Idan ƙwayoyin daji suka ɓalle daga ƙarin, ruwan nan ke kwasarsu. Shingen farko yana ƙofar hanta, inda jijiyoyin jini ke shiga, bututun matsarmama ke fita. Garkuwar jiki ta kashe wasu a nan. Waɗanda suka tsira su yi kaka-gida, su hayayyafa, su zarce zuwa kaluluwar can cikin ciki, wani lokaci har gindin wuya ta hagu. Sau da yawa babu zafi, babu kumburin da hannu zai lalubo. Hoton asibiti tarar da ɓarnar yake yi.

Gaskiya ne allurar ɗibar tsoka kan bar ƙwaya a sawunta, amma da wuya hakan ke faruwa, kuma galibi hoton CT ko MRI ya isa a gane dajin da ya tsiro daga tsokar hanta. Shi wannan ma ya fi son bin jini zuwa huhu. Na bututun matsarmama ne ke saurin faɗa wa kaluluwa. Da ya isa can, an shiga matakin da ciwon ya yi nisa, inda tiyata ba kasafai take warkarwa ba, sai magungunan rage masa gudu.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tun 2004 Najeriya ta sa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, mai haddasa dajin hanta, cikin alluran yara, wadda ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, amma masu haihuwa a gida da yawa ba wanda ya gaya musu. Masu ɗauke da ƙwayar cutar nau'in B da likita ya ga suna cikin haɗari kuwa, hoton ciki duk wata 6 ya kamata su riƙa yi, kuma da ƙyar za ka ji wata hukuma na shelar haka a rediyo.