Taswirar adireshi: dalilin da ya sa katin memori ke yin nauyi ko ya cinye bayanai

A kasuwar Azare da tashoshin motar garin, har zuwa garin Katagum a Ƙaramar Hukumar Zaki, sayar da katin memori da filash da tura fina-finai da karatuttuka cikin waya sana'a ce da matasa da dama ke ci da ita. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau su ma a cikin irin waɗannan na'urori suke adana ayyukan bincikensu. Koke biyu ne aka fi ji daga masu amfani da su: na'urar ta fara nauyi, ko kuma abin da aka adana ya ƙi buɗewa. Sau da yawa tushen matsalar yana cikin wani ɓoyayyen tsari da injiniyoyi ke kira taswirar adireshi.

Injiniyan Japan Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ma'adanar filash a kamfanin Toshiba, kuma a 1987 aka gabatar da nau'in NAND, wanda ke cikin katin memori da waya da faifan SSD na kwamfuta a yau. An rarraba cikinta zuwa shafuka, kowanne mai girman kilobayit 4 zuwa 16, sannan aka haɗa ɗaruruwan shafuka a kundi guda. Ana rubutu shafi-shafi, amma ba a gogewa sai kundi sukutum. Lamarin ya yi kama da allo: ba a ɗora sabon rubutu a kan tsoho sai an wanke. Bugu da ƙari, wankin yana da iyaka, domin nau'in da ya fi yawa a kasuwa kan jure gogewa sau 1,000 zuwa 3,000 ne kafin ya gaji.

Saboda haka idan mutum ya gyara takarda ya sake adanawa, na'urar ba ta komawa tsohon shafin. Sai ta rubuta sabon bayanin a wani shafi da ba kowa, ta yi wa tsohon alamar mutuwa. Ita kuwa kwamfuta tana ci gaba da neman takardar da lambar da ta sani tun farko. A nan ne ɗan ƙaramin injin da ke sarrafa na'urar yake aiki irin na magatakardan sito, wanda ke rubuta a littafinsa cewa buhun wane ya tashi daga wannan lungu ya koma wancan. Wannan littafi shi ne taswirar adireshi. Idan ya ɓace, kaya na nan cikin sito, amma ba wanda ya san inda suke.

Babbar matsalar ita ce girman littafin. Idan za a ba kowane shafi mai kilobayit 4 layinsa, kowane layi kuma ya ci bayit 4, faifai mai terabayit 1 zai buƙaci taswira mai kimanin gigabayit 1. Faifai masu tsada suna zuwa da ƙwaƙwalwa mai sauri ta DRAM domin riƙe ta, amma katin memori da filash masu araha ba su da wannan gata. Dabarar farko ita ce a ba kowane kundi layi guda. Taswirar ta ƙanƙance, sai dai gyara ɗan kaɗan kan tilasta kwafe kundi gaba ɗaya, abin da ke jawo nauyi da saurin tsufa. Daga baya aka haɗa hanyoyin biyu, inda ake ware 'yan kundaye domin karɓar sababbin gyare-gyare.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Jihar Fensilbeniya ta Amurka suka fito da tsarin DFTL, wanda ke ajiye cikakkiyar taswira a cikin filash ɗin kansa, ya ɗauko ɓangaren da aka fi nema kaɗai zuwa ƙwaƙwalwa mai sauri. Ƙa'idar NVMe ta 2014 ta ba faifan da ba shi da DRAM damar aron wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta, yayin da ƙa'idar UFS 3.1 ta 2020 ta kawo makamancin hakan ga wayoyi.

Wannan bayani yana da darasi ga mai saye. Na'urar da ta cika maƙil takan rasa shafukan da ba kowa, sai ta yi ta kwashe bayanai masu rai daga kundi zuwa kundi kafin ta samu na gogewa. Barin sarari kaɗan yana rage wannan wahala. Fizge filash ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wuta farat ɗaya, na iya riskar taswirar ba a kammala sabunta ta ba, don haka a umarci kwamfuta ta sake shi kafin a zare. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a arewacin Bauchi, yana gaggauta zurarewar cajin da ke riƙe bayanai, musamman a tsohon kati da aka bari cikin mota.

Jabun kati kuwa da taswirar yake yaudara. Ana sauya lissafin injinsa ya nuna gigabayit 64 alhali 8 ne a ciki. Da zarar an wuce ainihin girmansa, sabon bayani ya hau kan tsoho ko ya bi iska, sunayen fayiloli na nan amma ba abin da ke buɗewa. Manhajar H2testw, wadda ake samu kyauta, tana cika katin da bayanai ta sake karantawa, ta fallasa girmansa na gaskiya. Araha ba ta ado, kuma duk takardar da ke da muhimmanci ta cancanci kwafi na biyu a wata na'urar dabam.