Tudun da waya ta ce ka hau da keke, anya gaskiya ne?

Duk matashin da ke kunna Strava ko Komoot idan zai hau keke ya san lambar nan da ke fitowa a ƙarshe: jimillar tudun da ya hau. Wasu har ɗora ta suke yi a Facebook. To amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jega, Aliero da Maiyama, wannan lambar ce ta fi saurin yaudarar mutum.

Da yawa daga manhajojin tsara hanya suna dogara ne da taswirar tudu da kwari da aka auna daga sama. Fitacciya a ciki ita ce SRTM, wadda hukumar NASA ta Amurka ta auna da kumbon Endeavour cikin kwana 11 a Fabrairun 2000. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin mita 30, aka ba shi awo guda. Kafin 2014 ma, na Afirka da aka saki mita 90 ne. Kuskuren da aka amince da shi ya kai mita 16. A ƙasar duwatsu wannan ba komai ba ne, amma a nan ya isa ya haifar da tudun da babu shi.

Ita ma GPS ɗin waya ta fi gane inda kake fiye da bisan da kake. Tana tsalle mita 2 sama, mita 2 ƙasa, manhaja na tara na saman. A kan gada kuwa, kamar ta gulbin Zamfara kusa da Jega, taswira na iya ɗauka ka gangara cikin gulbi ka sake hawowa.

Abin da ke karya ƙafa a yankin nan kuma ba ya fitowa a lambar: rairayi, iskar hunturu, zaizayar damina da zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Wanda ya ɗora buhun albasar Aliero a bayan keke ya san zancen.

Saboda haka kada ka auna ruwan da za ka riƙe da abin da waya ta nuna. Duba nisa da lokacin fita, ka tambayi 'yan kabu-kabu halin da hanyar ke ciki a makon nan. Idan kuma gasa kuke da abokai, ku gwada kilomita da lokaci, a hanya ɗaya, rana ɗaya.