Gama: Unguwar Da Ta Riƙe Kujerar Gwamna Mako Biyu

Ranar 9 ga Maris, 2019, aka yi zaɓen gwamna a Kano. Da aka tattara sakamako, Abba Kabir Yusuf na PDP yana da ƙuri'a 1,014,474, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje na APC kuma 987,819. Tazarar 26,655 ce. Amma INEC ba ta bayyana wanda ya ci ba, domin ƙa'idarta ta lokacin ta ce idan masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi tazarar yawa, sai an sake zaɓe a wuraren. Daga ranar kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin Kanawa, har yara sun iya ta.

Cikin wuraren da aka soke, babu wanda ya kai mazaɓar Gama da ke ƙaramar hukumar Nasarawa. Masu rajista a can sun haura 40,000, wato ita kaɗai ta fi tazarar da ke tsakanin 'yan takarar. Kowa ya san inda Gama ta karkata. Jar hular magoya bayan Abba ta yi yawa a lungunanta, kuma talakan birnin Kano ya daɗe da ɗabi'ar juya wa mai mulki baya, tun daga NEPU ta Malam Aminu Kano har zuwa PRP da ta kawo Abubakar Rimi a 1979.

Abin da ya faru cikin makonni biyun nan shi ne ya fi damuna. Unguwar da ta yi shekara da shekaru tana kukan ruwa sai ga motocin haƙa rijiyar burtsatse. Aka kwashe bola, aka taɓa hanyoyi, manyan da ba a taɓa gani ba suka riƙa shiga lungu suna gaida dattawa. Ba mutanen Gama ne suka sauya ba. Lissafi ne ya nuna cewa kujerar tana hannunsu, kuma ashe kayan aikin suna nan tuntuni.

Ranar 23 ga Maris aka sake zaɓen. Masu sa ido na gida da na waje sun ba da rahoton 'yan daba ɗauke da makamai a rumfuna, da masu zaɓe da aka kora. A ƙarshe aka bayyana Ganduje da 1,033,695, Abba da 1,024,713. Tazara 8,982, kuma kotuna suka tabbatar da sakamakon.

A nan ne ɗan siyasa ya fi mai sharhi gane zance. Mu muna cewa "unguwar wane ce", muna ƙirga fastoci da huluna da cikar taro. Shi kuwa yana ƙirga wanda zai fito ya tsaya a layi. Idan ba zai iya sauya ra'ayin unguwa ba, ya ishe shi ya sa rabinta ta zauna a gida. Magidanci ya ji an zare wuƙa a rumfa, sai ya ce wa iyalinsa kada wadda ta leƙa waje, kuma mata su ne ke cika layi a birnin Kano tun da sassafe. Shi ya sa ake ta nanata "a kasa, a tsare, a raka", domin son ɗan takara a zuci ba ya shiga akwati.

Ko ba tashin hankali, masu zama a gida sun fi yawa. A 2023 Kano tana da masu rajista 5,921,370. Abba, a NNPP wannan karon, ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC 890,705. Ka haɗa su, ba su kai miliyan biyu ba: kusan mutum ɗaya cikin uku, a jihar da ake yi wa kirari da cibiyar siyasa. Gaskiya ne rajistar tana ɗauke da mamata da waɗanda suka tashi, da waɗanda ba su karɓi katinsu ba. Amma akwai mai shayi da ɗan adaidaita da ke ganin yinin zaɓe asarar ciniki ce, kuma ban ga laifinsu ba sosai.

Dalilinsu yana kusa da gida. Wanda ya kamata ya kula da kwatami da famfon unguwa kansila ne da ciyaman. Zaɓensu kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba INEC ba. A Janairun 2021 APC mai mulki ta kwashe ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansila 484 baki ɗaya. A Oktoban 2024 NNPP mai mulki ita ma ta kwashe su duka, har da kujerar kansilan Gama.