ABIN DA KE SA HAƊARIN MOTA YA YI MUNI

Jama'a, sau da yawa mukan ji labarin motoci biyu da suka yi haɗari a kwana guda a kan hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko wadda ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya. Mutanen mota ta farko sun fito da 'yar ƙujewa, ta biyu kuwa sai da aka kai wasu makwancinsu. Mun yarda kowa da ajalinsa, amma Allah ya sanya wa kome sanadi. Ni a ganina babban sanadin wannan bambanci shi ne halin da direba yake ciki, da irin gudun da yake yi a lokacin da abin ya auku.

Bari in fara da gudu. A darasin kimiyya an koya mana cewa idan aka ninka gudun mota sau biyu, ƙarfin karonta yakan ninku sau huɗu. Motar da ta daki bishiya tana gudun kilomita 50 a awa, mutanen cikinta tamkar sun faɗo ne daga tsawon mita 10, wato kamar bene mai hawa uku. In kuwa kilomita 100 take yi, tamkar daga mita 40 suka faɗo. Wane ƙashi ne zai jure wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce mai tafiya a ƙasa, in mota ta buge shi tana kilomita 65, ya fi wanda aka buge a kilomita 50 kusantar mutuwa fiye da sau huɗu. Ku tuna da wannan in kun ga mota ta shigo Shinkafi a guje ranar Alhamis, kasuwa na ci, ga yara 'yan talla ga dabbobi a bakin titi.

Na biyu shi ne gajiya da maye. Direban da ke cikin hayyacinsa, ko da ba zai iya kauce wa haɗari ba, yakan taka birki ya rage gudu kafin karo, ta haka raunin yakan zo da sauƙi. Mai gyangyaɗi kuwa ba ya taka birki sam. Motar da ke kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan ido ya rufe na daƙiƙa 3 kacal, ta yi mita 66 ke nan ba mai tuƙa ta, kuma da dukan ƙarfinta za ta daki abin da ta tarar. Wasu direbobi sukan sha ƙwaya irin su taramol wai don su kori barci. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai, ta sa mutum ya ga kamar babu abin da zai gagare shi, alhali hannunsa da ƙafarsa sun yi nauyi. Haka wiwi da giya suke yi. Mai latsa waya yana tuƙi shi ma idonsa ba ya kan hanya.

Na uku shi ne lodi. Direban da ya ɗora fasinja a kan buhunan hatsi ya sa su inda babu abin da zai tare su. In motar ta kife, ko a yi jifa da su, ko kayan su danne su. Wanda ya ɗaura bel a gidan gaba kuwa ya rage haɗarin mutuwarsa da kusan rabi, hular kwano kuma tana tsare kan mai babur.

Na san direbobinmu suna da uzuri. Saboda rashin tsaro kowa yana so ya isa gida kafin magariba. Amma maganin wannan shi ne sammako da rage yawan sawu. Mu tuna kuma mai mummunan rauni yakan bukaci a kai shi babban asibiti a Gusau, jini kuwa ba ya jiran tsawon hanya.

To, 'yan'uwana ɗalibai, mu ma muna da namu aikin. Ranar hutu in mun je tasha, mu dubi idon direba kafin mu shiga. In ya fara sheƙa gudu, mu yi masa magana cikin ladabi, mu ce, "Malam direba, don Allah a sassauta." Kada mu zama masu zuga shi ya wuce ta gabansa. In an yi haɗari, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a lamba 122. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.