Daga Sana'a Ake Samun Masana'anta

Duk wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna cikin shekarun 1980, zai tuna yadda dubban ma'aikata ke tururuwa zuwa masaƙu tun da asuba. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe ƙofarta a 2002, sauran kuma suka bi sahu. Rashin wutar lantarki, da shirin SAP na 1986 wanda ya karya darajar Naira, da kwararowar atamfar waje ta ɓarauniyar hanya, su suka taru suka durƙusar da su.

Gwamnati ta kafa Bankin Masana'antu a 2001, da hukumar SMEDAN a 2003, domin tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa. To amma me rance zai tsinana wa telan da ribarsa ke ƙarewa a man janareto?

Harshenmu ma ya nuna mana hanya, domin kalmar masana'anta daga sana'a ta tsiro. Marinan Ƙofar Mata da dukawan Kano suna nan da basirarsu. Abin da ya kamata hukuma ta yi shi ne ta tara masu sana'a iri guda wuri ɗaya, ta tsayar masu da wuta, ta kuma tilasta wa makarantu da asibitocinta sayen kayan da suka yi. Mai sana'ar da ke da tabbacin kasuwa shi zai ɗauki yara aiki, har gobe ya girke inji. Da ruwan ciki kan ja na rijiya.