Abincin Makaranta: Nawa Ne Amfaninsa, Kuma Ga Wa?

Tun yajin aikin da masu dafa abincin makarantu suka yi a 2023 saboda bashin da suke bin gwamnati, ake ta cacar baki a majalisun shayi na unguwannin Nima da Maamobi a Gana kan shirin ciyar da ɗalibai da Gana ta fara a 2005. Masu suka na cewa ai bincike ya nuna amfaninsa ga karatu ɗan kaɗan ne. Wannan "kaɗan" ita ke ɓatar da mutane.

Masana halayyar ɗan Adam suna da mudu fiye da ɗaya na auna girman tasiri. A ma'aunin da Jacob Cohen ya yayata a 1988, 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. To amma 0.2 ɗin nan, in aka juya shi zuwa wani ma'auni, ya zama kusan kashi 1 cikin ɗari na bambancin makin yara, sai a ce shirme ne. In aka sake juyawa, yana nufin yaron da ke tsakiyar aji ya wuce yara 58 cikin ɗari maimakon 50. Sakamako ɗaya ne, kowa ya zaɓi mudun da zai kare hujjarsa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Gwajin da Elisabetta Aurino da abokan aikinta suka yi a makarantun Gana ya gano cewa bayan shekara biyu makin ɗalibai ya ƙaru daidai gwargwado, amma ƙaruwar ta fi yawa ga 'yan mata, da 'ya'yan talakawa, da yaran arewacin ƙasar. Wato tasirin ya danganta da wanda ya ci. Yaron da ya sha koko da ƙosai kafin ya fito, faranti ɗaya ba zai canza masa komai ba. Yarinyar da ta shiga aji da cikinta wayam, ido na lumshewa kafin azahar, shi ne karatunta. Haɗa su a lissafi ɗaya kamar auna ruwan sama ne a fadama da tudu a ce gonaki duka sun ƙoshi.

Za a ce Nima unguwar birni ce, ba ƙauyen arewa ba. Gaskiya ne, kuma mai yawan yanka bayanai gida-gida ba ya rasa abin da yake so ya gani. Shi ya sa ya kamata ma'aikatar da ke kula da shirin ta auna yaran unguwannin zango irin su Nima su kaɗai, ta bayyana sakamakon. Kafin nan, duk ranar da aka jinkirta kuɗin masu girki, yaran da abincin ya fi yi wa amfani su ne ke biyan bashin.