Kada A Zubar Da Ganye Don Ya Yi Yaushi

A wannan zamani na tsadar cefane, abin takaici ne uwargida ta sayo alayyahu ko latas da safe, kafin yamma ya yi yaushi, sai ta watsa wa awaki. Iyayenmu mata, wannan ganye bai mutu ba, ƙishirwa ce ta kama shi.

Masana sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na latas da kabeji ruwa ne. Tun daga lokacin da aka yanko su a fadama ruwan yake fita ta ganyen, kuma babu saiwar da za ta mayar da shi. Iskar hunturu da zafin bazara kan gaggauta wannan, shi ya sa kayan da ya baro kasuwar Farin Gada ta Jos garau yakan iso gida a langaɓe.

Maganin yana cikin randarmu. Mu tsince ganyen da ya yi rawaya, mu datse ƙasan karan da wuƙa, sa'annan mu tsoma sauran cikin ruwan sanyi mai tsabta na minti 15 zuwa 30. Karas kuwa yakan so awa guda ko fiye. Kada a sa gishiri a wannan ruwa, domin gishiri janyo ruwa yake yi daga jikin ganye. In ya miƙe, a tsame shi, a tsane ruwan, a yi amfani da shi a ranar.

Amma fa a kula. Ganyen da ya fara yauƙi ko wari ya ruɓe ke nan, ruwa ba ya ta da shi. Haka nan abin da za a ci ɗanye, kamar latas, kada a jiƙa shi da ruwan da ba za mu iya sha ba, domin ta nan kwalara da zawo ke shigowa gida.

Rigakafi ya fi magani. Mu naɗe ganye cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, mu ajiye a inuwa nesa da ayaba da nunannen tumatir, gama iskar da suke fitarwa tana sa ganye ya yi rawaya da wuri. Wanda ba shi da firji ya gwada dabarar Mohammed Bah Abba, malamin nan na jihar Jigawa da ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ƙyalle mai laima. Ruwan yana bushewa, cikin tukunyar yana sanyi.

Guminmu muka ba da muka sayo, bai kamata ya ƙare a juji ba.